Fara liƙa sunanka a akwatin wasiƙa: zaman ɗalibi a Jamus da yadda zai zaga Turai

Na cika mako uku a Jamus, ina tsaye a gindin bene ina leƙen akwatin wasiƙata ta 'yar tsagar da ke samansa, sai ga tsohuwar da ke hawa na biyu ta sauko da bokitin shara. Ta dube ni, ta dubi akwatin, sannan ta sa farce ta ƙwanƙwasa ɗan farin gurbin da ke goshinsa. Sunan wanda ya tashi daga ɗakin ne har yanzu a jiki. Kalma ɗaya ta faɗa da Jamusanci, mai nufin suna, ta wuce abinta. Nan take na gane inda katin bankina ya maƙale. A nan ba a rubuta lambar ɗaki a adireshi. Mai raba wasiƙu sunan mahaifi yake nema a jikin akwati, in bai gani ba ya mayar da takardar inda ta fito. Sau biyu aka aiko mini da katin, sau biyu yana komawa, ni kuwa ina can ina zargin banki.

Saboda haka, ɗan'uwa, daren da ka kwana a ɗakinka na farko, nemi takarda da alƙalami da salatif, ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, ka liƙa a akwati, ka liƙa a jikin ƙararrawar ƙofa. Ƙasar nan da takarda take magana. Wanda ya tsara takardunsa shi ne zai wayi gari a Faris ranar Asabar hankali kwance, ya dawo aji ranar Litinin.

Takardun kuma a sarƙe suke, kowace na riƙe da wutsiyar 'yar'uwarta. Sai da ɗaki ake samun takardar mai gida, sai da takardar mai gida ake yin rajistar zama, sai da rajista akasarin bankuna ke buɗe maka asusu, sai da asusu kuɗin da aka sa ka killace kafin biza za su fara saukowa, sai da duk waɗannan da shaidar inshora da ta makaranta ofishin baƙi zai saurare ka. In ɗaya ta tsinke, sauran sun tsaya cik.

Ɗaki shi ne tushe, shi ne kuma ya fi ba da wuya. Ɗakunan hukumar kula da ɗalibai, wadda ake kira Studierendenwerk, su suka fi araha, don haka layinsu ya fi tsawo. Ka cike takardar nema tun ranar da ka samu gurbin karatu, kada ka jira biza. Mafi yawanmu a gidan haɗaka muke ƙarewa, wanda kowa ke kira WG: kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa. Kafin ka tambayi kuɗin haya ma, tambayi ko za a iya yin rajista da adireshin. In aka fara kame-kame, juya ka tafi, ko da ɗakin na kallon kogi ne. Kuma duk wanda ya ce maka yana wata ƙasa, ka tura kuɗi zai aiko da makulli ta gidan waya, ɓarawo ne. Hotunan nan masu kyau na ɗakin wani ne ya kwafo.

Farashi biyu za ka gani. Kaltmiete ita ce hayar ɗaki zalla, Warmmiete kuwa ta haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara. Wutar lantarki da intanet sau da yawa daban suke, sai ka tambaya. Kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa doka ta ce kada ya wuce hayar zalla ta wata 3, kuma kana da damar biya kashi uku. Ranar karɓar makulli ku zaga ɗakin tare, a rubuta duk wani tabo da tsagewa a takarda ku sa hannu, kai kuma ka ɗauki hotuna. Ranar fita za ka gode wa kanka. Yarjejeniyar da ba ta da wa'adi kuwa, in za ka tashi sai ka ba da sanarwar wata 3, a kan takarda da sa hannunka. Saƙon WhatsApp ba ya aiki.

Rajistar zama, Anmeldung, ana yinta cikin kwana 14 da tarewa, a ofishin gari da ake kira Bürgeramt ko Einwohnermeldeamt. Fasfo za ka riƙe, da fom ɗin da ka cike, da takardar nan mai dogon suna da mai gida zai sa wa hannu, Wohnungsgeberbestätigung. Yarjejeniyar haya ba ta maye gurbinta. A manyan birane samun lokacin ganawa shi ne aikin. Ka riƙa duba shafinsu da sassafe, lokacin da ake sakin gurabun waɗanda suka fasa. Aikin kansa bai fi minti goma ba. Za a miƙo maka takarda guda mai hatimi. Sa ta a leda, ka saya mata fayil mai zobe irin wanda za ka gani jere a ɗakin kowane Bajamushe. Na yi musu dariya da farko. Yanzu nawa biyu ne.

Daga nan wasiƙu za su fara zuwa ba tare da ka nema ba. Ta farko mai muhimmanci ita ce lambar haraji mai alƙaluma 11, taka ce har abada, kuma duk wanda zai ɗauke ka aiki sai ya tambaye ta. Ta biyu ita ce ta kuɗin rediyo da talabijin, Rundfunkbeitrag. Kada ka ce ai ba ni da talabijin, ba ruwansu. Yuro 18.36 ne a wata tun 2021, kuma a kan gida yake, ba a kan mutum ba. In wani a WG ɗinku yana biya, karɓi lambarsa ka aika musu, sai ku raba kuɗin a tsakaninku. In ka share wasiƙar ba ta mutuwa, haihuwa take yi.

Inshorar lafiya dole ce, ba a ma kammala maka rajistar jami'a sai da ita. Wanda bai kai shekara 30 ba yana da farashin ɗalibai a kamfanonin inshorar gwamnati irin su TK da AOK da Barmer, kuɗin ya haura Yuro 100 a wata. Za ka ji ana tallata ta 'yan kasuwa mai araha. Yi tunani da kyau, domin in ka sa hannu cewa ka yafe ta gwamnati a farkon karatu, ba ka komawa har ka gama. Ni dai ta gwamnati na zaɓa: ka miƙa kati a wurin likita, a duba ka, ka fito ba ka taɓa aljihu ba. Nemi likitan unguwa tun kana da lafiya. In ciwo ya kama ka da dare ko ranar hutu kuma bai kai na motar asibiti ba, lambar ita ce 116117. Ta gaggawa 112, ta 'yan sanda 110. Ko maganin ciwon kai sai a kantin magani mai jan harafin A, ba a sayar da shi a kantin kayan abinci. In rashin lafiya ta faɗo ranar jarrabawa, a ranar za ka je likita ka karɓo takarda, ba washegari ba.

Akwai wata inshorar da ba dole ba ce amma nake roƙon kowa ya yi, Haftpflicht, wadda ke biya in ka yi wa wani ɓarna. 'Yan Yuro kaɗan ce a wata. Ka tabbata ta haɗa da ɓatan makulli, domin a gidaje da yawa makulli ɗaya ne ke buɗe ƙofar waje da ta ɗaki da ta ɗakin ƙasa, in ya ɓata ana iya canza na ginin gaba ɗaya a kanka. Ƙofofin kuma da kansu suke kullewa in sun rufe. Na taɓa fita zubar da shara da silifas ranar Lahadi, iska ta turo ƙofa. Awa uku na yi a kan matakala kafin abokin zamana ya dawo, don na san abin da mai buɗe ƙofa zai caje ni a irin wannan rana.

Kuɗin da aka sa ka killace kafin biza, a asusun da ake kira Sperrkonto, tun watan Satumba 2024 Yuro 11,904 ne na shekara, ana sakar maka 992 kowane wata zuwa asusunka na yau da kullum. A ƙaramin gari a gabashin ƙasar za su riƙe ka har da ɗan saura. A Munich haya kaɗai na iya lashe fiye da rabi. Akasarin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai kuɗin zango na 'yan ɗaruruwa, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Kuɗin zangon nan yana da wa'adi, kuma wanda bai biya ba ana soke sunansa daga jami'a, izinin zamansa kuwa a kan sunan nan yake tsaye.

Yanzu ofishin baƙi, Ausländerbehörde. Abu ɗaya za ka riƙe: ka shigar da buƙatar izinin zama kafin bizarka ta ƙare, ko da ba a ba ka ranar ganawa ba. Cike fom ɗinsu na intanet ko ka aika wasiƙa, ka ajiye shaidar ranar da ka aika. Wannan shaidar ce ke tsare ka. Idan katin izinin zaman bai fito ba har biza ta ƙare, ana ba da takardar riƙon ƙwarya mai suna Fiktionsbescheinigung. Zan dawo kanta in mun zo batun tafiya, domin a nan take cizo.

Zaman yau da kullum kuwa, Lahadi ce za ta fara koya maka hankali. Kantuna a rufe suke ruf. Sai gidan mai, da wasu gidajen burodi da safe, da kantunan manyan tashoshin jirgin ƙasa, inda za ka tarar da layi har waje na irinmu da suka manta. Ranakun hutu ma haka, kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Yi cefanenka ranar Juma'a, ko Asabar da hantsi.

A kanti irin su Aldi da Lidl ka tafi da jakarka da sulen Yuro ɗaya na cire keken kaya. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne saurin mai karɓar kuɗi. Ranar farko na tsaya ina jera ƙwai a ƙasan jaka a tsanake, kafin in ɗago kai kayana sun taru sun yi tudu a ɗan gefen teburin, madara na shirin faɗuwa, ta riga ta faɗi jimla tana kallona, mutum shida a bayana sun yi tsit irin shirun da ya fi zagi. Dabarar ita ce ka jera masu nauyi a gaba a kan bel, tana turowa kana watsawa cikin keke, ka biya, sannan ka koma kan dogon benci da ke bakin taga ka shirya jakarka yadda kake so. Ka kuma riƙa yawo da 'yan tsabar kuɗi. Har yau akwai ƙananan shaguna da ba sa karɓar kati.

Kada ka yar da robar ruwa ko gwangwanin lemo. Akwai santi 25 a kan kowanne mai alamar Pfand, kwalabe masu komawa kamfani kuma santi 8 ko 15. Ka tara su ka zura a injin da ke bakin kanti, ya ba ka 'yar takarda a rage maka a wurin biya. Kada ka murƙushe su, injin ba zai karɓa ba. In kana waje kuma ba ka son ɗauka, ajiye a gindin kwandon shara, akwai masu tsinta. Sharar gida kuma rabawa ake yi: rawaya ta robobi da gwangwanayen kaya, shuɗiya ta takarda da kwali, ruwan ƙasa ta ɓawon kayan miya da ragowar abinci, baƙa ta sauran tarkace. Kwalba tana da nata manyan tankuna a bakin titi, fara daban, kore daban, ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefawa ranar Lahadi saboda ƙara. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Maƙwabcin da ka dama ba lallai ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, takarda za ka tarar a liƙe a matakala, ko ka ji daga mai gida. Jan layin da ke gefen hanyar ƙafa na masu keke ne, kuma ba sa taka burki don kai. Fim kuma kada ka sauke shi ta manhajojin da ke rarraba shi ga wasu. Wasiƙar lauya ce ke biyo baya, da lissafin ɗaruruwan Yuro.

Sanyi kowa ya ba ka labarinsa, duhu ne ba a faɗa. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ka shiga aji da duhu ka fito da duhu. A nan ne kewa ke kama mutum, ya rufe ƙofa ya daina ɗaga waya. Abin da ya cece ni shi ne wasannin jami'a, masu arahar gaske, da cin abincin rana a Mensa, wato ɗakin cin abincin jami'a, tare da 'yan ajinmu ko ba na jin magana. Jami'o'i suna da masu ba da shawara kyauta ga wanda abin ya yi wa nauyi, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. Rigar sanyi a nan za ka saya, guda ɗaya mai kyau da ba ta shan ruwa, da takalmi mai kauri. Hita kuma lamba 3 ta isa, wajen digiri 20 ke nan. In ka murɗa ta zuwa 5 duk hunturu, lissafin ƙarshen shekara zai zo maka da ciko mai zafi. Sau biyu a rana ka buɗe taga warwar na minti biyar zuwa goma ka rufe. In ba haka ba fumfuna za ta fito a kusurwar bango, a cire daga kuɗin ajiyarka.

Aiki kuwa an yarda maka cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwanaki 280 a shekara tun Maris 2024, aikin taimaka wa malamai a jami'a ba ya shiga lissafin. Mafi ƙarancin lada Yuro 12.82 ne a awa a 2025, ya koma 13.90 a Janairu 2026. Lokacin karatu kada ka wuce awa 20 a mako. Wanda ya ce zai biya ka a hannu ba takarda, izinin zamanka yake wasa da shi.

To, mu zo kan daɗin abin. A jami'o'i da yawa kuɗin zangon da ka biya ya haɗa da tikitin ɗalibai mai aiki a duk faɗin ƙasar, ƙanin Deutschlandticket, tikitin wata-wata na kowa da kowa da aka fara a Mayu 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, ya koma 63 a 2026. Da shi za ka hau bas, da taragon cikin gari, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jiragen ƙasa na yanki masu harafin RE da RB da S, daga bakin tekun arewa har gindin duwatsun Alps. Ba ya aiki a jiragen nesa masu gudu, wato ICE da IC da EC. Haruffan za ka duba a allo, ba launin jirgi ba. Ni na koya da kuɗina: jirgina ya yi latti, wani fari mai jan zare ya tsaya a layin, sunan garin da za ni na jikinsa, na faɗa ciki ina murna da laushin kujera. Mai duba tikiti ta kalli wayata, ta kalle ni, ta zaro injinta ba tare da ta ɗaga murya ba. Tarar shiga babu tikiti ba ta gaza Yuro 60 ba. Laifina ne, ban ko yi gardama ba. A manhajar kamfanin jirgin ƙasa, DB Navigator, akwai inda za ka danna Nur Nahverkehr, sai ta nuna maka jiragen da tikitinka ya ɗauka kawai. Tikitin da sunanka yake, don haka ka riƙe shaida mai hoto, ka kuma riƙe abin cajin waya; wayar da ta mutu daidai take da babu tikiti.

Tafiya da jiragen yanki tana cin lokaci, ninki biyu ko fiye na mai gudu, da sauye-sauye. Kada ka yarda da sauyin minti huɗu, bar wa kanka kwata. Ka saurari sanarwa, ana canza layin da jirgi zai tsaya a ƙurarren lokaci. In ka ga jama'a sun juya gaba ɗaya sun nufi matakala, duba allo ka bi su. Wasu jiragen kuma rabuwa suke yi a hanya, gaba ya nufi wani gari, baya ya nufi wani, sai ka karanta abin da ke rubuce a jikin taragon da ka shiga. Kada kuma ka dogara da jirgin ƙarshe na dare. Ƙaramar tasha a watan Janairu ba wurin kwana ba ce.

In tafiyar mai nisa ce, sayi tikitin rahusa na jirgi mai gudu, Sparpreis, makonni kafin ranar, ka nemi Talata ko Laraba ko na asuba. Ya ɗaure ka da jirgi ɗaya, amma idan ana sa ran za ka isa da lattin minti 20 ko fiye, ɗaurin ya kwance, ka hau wani. Lattin awa ɗaya ana mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin, na awa biyu kashi 50, kuma a cikin manhajar ake nema. Ka sayi tafiyar duka a tikiti guda. In ka yanka ta gida biyu don neman sauƙi, jirgin farko ya makara, na biyun asararka ce.

Tikitin ɗaliban nan ma yana ɗan leƙa waje. Daga Munich jirgin yanki na kai ka Salzburg ta Ostiriya cikin ƙasa da awa biyu ba ƙarin ko santi. Lukzambur kuwa tun 2020 hawa bas da jirgi kyauta ne a duk ƙasar, in ba ajin farko ka shiga ba.

Katin izinin zamanka, ko bizar karatu mai harafin D da ba ta ƙare ba, na ba ka damar yawo a sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka yarda a cire binciken iyaka a tsakaninsu, har kwana 90 cikin kowane kwana 180, yawon buɗe ido, ba aiki ba. Ƙasashe 29 ne yanzu, bayan Bulgeriya da Romaniya sun shigo gaba ɗaya a Janairu 2025. Siwizalan da Norwe suna ciki duk da ba sa Tarayyar Turai. Ailan da Saifurus suna Tarayyar amma ba sa ciki. Birtaniya ba ta ko ɗaya, bizarta daban, kuma ko ratse za ka yi ta filin jirginta sai ka bincika ƙa'idar fasfonka tukuna.

Kati kaɗai ba ya tsallaka iyaka, sai da fasfo. Ana cewa babu shinge a Shengen, amma tun Satumba 2024 Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa. Muna dawowa daga Holan a bas ɗin dare, wajen ƙarfe biyu, aka kunna fitilu, 'yan sanda biyu suka shigo suna bi kujera kujera. Abokin tafiyata ya bar fasfonsa a ɗaki wai kada ya ɓata, hotonsa kawai ke wayarsa. Aka sauke shi da jakarsa. Direba ya ɗan jira, ya duba agogo, ya ja mota. Sai da rana ta fito ya iso gida, bayan an gama tantance shi.

Ga maganar takardar riƙon ƙwarya da na ce zan dawo kanta. Buɗe ta ka duba wane gurbi aka bari. In sashe na 81 na dokar zaman baƙi, sakin layi na 4 ne, kana iya fita ka dawo muddin ba ta ƙare ba, tare da fasfonka. In sakin layi na 3 ne, ka fita ka fita ke nan, ba ta dawo da kai. Ko da mai lamba 4 ce, ni shawarata ka haƙura da yawon shaƙatawa har katin ya fito, domin ba kowane ma'aikacin filin jirgi a wata ƙasa ya san ta ba, kuma ba ka son yin bayanin dokar Jamus ana kiran jirginka. Ka kuma sani cewa wanda ya yi fiye da wata 6 a wajen ƙasar ba tare da ya nemi izini ba, izinin zamansa ya mutu da kansa.

Jiragen sama masu araha gaskiya ne, akwai tikitin da bai kai kuɗin cefanen mako ba. Amma ka lissafa duka. Ƙaramar jaka mai shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta, kuma ana aunawa a bakin ƙofa. Ka yi rajistar shiga jirgi ta waya tun kana gida. Sannan ka duba taswira: filin jirgin Hahn yana ɗauke da sunan Frankfurt amma ya fi kilomita 100 daga birnin, Beauvais kuma sai ka yi fiye da awa ɗaya a bas kafin ka ga Faris. Jirgin ƙarfe 6 na safe a irin wannan fili yana nufin kwanan benci. Sau da yawa in ka haɗa lissafi, bas ɗin dare ko jirgin ƙasa ya fi, ga shi a tsakiyar gari zai sauke ka.

Ba ko'ina ake cin Yuro ba. Folan, Cek, Hangari, Denmak, Suwidin da Siwizalan kowace da kuɗinta. In injin cire kuɗi ko na kanti ya tambaye ka ko a caje ka da Yuro, ƙi, zaɓi kuɗin ƙasar. Canjin da injin ke yi maka ya fi na bankinka tsada. Layin wayarka na Jamus yana aiki a duk Tarayyar Turai kamar kana gida tun 2017, amma Siwizalan ba ta cikin wannan, kuma a garuruwan bakin iyaka irin su Konstanz waya na iya kama sabis ɗinta kana tsaye a ƙasar Jamus. Kashe data kafin ka matso. A bayan katin inshorarka ta gwamnati akwai shuɗin katin Turai, shi za ka nuna in ciwo ya kama ka a hanya. A birane da dama, Barlin da Prag da Rum cikinsu, tikitin takarda sai ka zura shi a ɗan injin ya buga masa lokaci. Wanda ba a buga ba, a wurin mai dubawa, ba ka saya ba.

Masauki kuwa ɗakin kwanan matafiya mai gadaje shida ko takwas ya ishe ɗalibi. Tafi da ɗan kwado na kulle akwatin kaya, da abin toshe kunne, da silifas na wanka. Fasfo da kati su kwana a jikinka. Hotunansu gaba da baya su kasance a imel ɗinka, don in sun ɓata abin da 'yan sanda da ofishin jakadancinku za su fara tambaya ke nan.

Lokacin tafiya shi ne hutun tsakanin zango, wajen Fabrairu zuwa Maris da Agusta zuwa Satumba, amma sunansa lokacin da ba lacca, ba lokacin da ba jarrabawa ba. Duba ranakun jarrabawarka da na maimaici kafin ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Biya kuɗin zango mai zuwa kafin ka ɗaga jaka.

Makullin akwatin wasiƙa kuwa ka bar shi a hannun abokin zama da ka yarda da shi, ka ce duk ambulan mai taga da ya gani ya ɗauki hoto ya turo maka. Wasiƙun hukuma da wa'adi suke zuwa, sau da yawa mako biyu, kuma lissafin ba ya jiran ka dawo daga Rum. In ambulan rawaya ce, ya buɗe a ranar, kada kuma ya yar da ita: kwanan watan da mai raba wasiƙu ya rubuta da hannu a jikinta, daga shi ake fara ƙirga.